Mai Jitar Bes, Wace Waƙa Za Ka Ɗauka Ranar Baje Koli?

Da wuya yau mutum ya shiga majami'ar birni a Jos, ko Kaduna, ko Yola, bai tarar da wani saurayi a gefen mawaƙa rataye da jitar bes ba. Yawancinsu ba a aji suka koya ba. Da kunne suka koya, daga hannun wani yaya a ƙungiyar matasa, kuma abin da ake nema a wurinsu ran Lahadi bai wuce su riƙe gindin waƙa kada ta zube ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka wuce nan. Wasu sun shiga sashen kiɗa a kwaleji, wasu suna shirin jarrabawar kiɗa, wasu kuwa ƙungiyarsu ce ta shirya yammacin kiɗa domin tara kuɗin kayan aiki. Ko wanne ne dai, rana tana zuwa da za a ce wa mai bes ya fito gaba, a ba shi minti 15 ko 20 ya baje kolinsa, malamai na riƙe da biro, iyaye na zaune a layin farko.

Abin da ke gaban irin wannan saurayi, ko budurwa, ba ƙarami ba ne. Ga ɗalibi, makin wannan rana yana shiga takardar shaidarsa. Ga ɗan ƙungiya kuwa, sunansa ne da na ƙungiyar, ga watanni uku ko huɗu na atisaye waɗanda waƙa ɗaya da ba ta dace ba za ta iya zubar da su. Cikin matasan da suke kawo mana wannan magana, da dama sun zo da sunayen waƙoƙin da suka tsinta a intanet daga wani reshe na kiɗan Turawa. Masu shi suna ce masa progressive rock, mu kuwa a wannan shafi za mu kira shi rok mai sarƙaƙiya. Ba mu ga laifinsu ba. Kaɗan ne cikin kaɗe-kaɗen zamani suka ba mai bes fili kamar wannan. Sai dai cikinsa akwai ramuka, kuma wanda bai san gari ba shi ne ke faɗawa.

A Ingila aka haifi wannan kiɗa, wajen ƙarshen shekarun 1960. Masana da yawa suna ɗora farkonsa a kan faifan ƙungiyar King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King. Samarin wancan lokaci sun gaji da waƙar minti 3 mai baiti da amshi, sai suka shiga aro daga kiɗan gargajiyar Turai, da jaz, da kiɗan majami'a. Waƙa ɗaya takan kai minti 10, wata 20, tana sauya gudu, tana sauya ƙidaya, kamar tafiyar da ake ratsa dutse da fadama da rafi kafin a isa gida. Manyan sunayen su ne Yes, da Genesis, da King Crimson, da Jethro Tull, da Pink Floyd. Daga baya Rush suka taso daga Kanada, Kansas da Dream Theater kuma daga Amurka.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata kowane ɗan kwaya ya san labarinsa, wato Chris Squire na ƙungiyar Yes, wanda aka haifa a 1948 ya rasu a 2015. Tun yana yaro yake waƙa a kwayar majami'ar St Andrew da ke unguwar Kingsbury a Landan, a ƙarƙashin Barry Rose, wanda daga baya ya zama sanannen shugaban mawaƙa a manyan majami'un Ingila. Abin da Squire ya koya a can shi ne ya zuba wa jitarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin murya ta huɗu ya san cewa ita ma waƙa ce mai zaman kanta: wani lokaci tana sauka yayin da murya ta ɗaya ke hawa, wani lokaci tana tsallaka ta dawo. Haka bes ɗin Squire yake yi. Ba ya tsayawa a gindi yana jiran umarni, yana rera tasa waƙar ne a ƙarƙashin ta sauran. Saboda haka ɗan kwayar da ya iya karanta solfa ya riga ya yi rabin tafiya zuwa fahimtar wannan kiɗa, ko da bai sani ba.

Dattawa masu tuna zamanin faifan garmaho za su tuna Osibisa, ƙungiyar da 'yan Gana irin su Teddy Osei suka kafa a Landan a 1969 tare da wasu 'yan tsibiran Karibiyan, har da ɗan Nijeriya, Lasisi Amao. Giwayen nan masu fukafukai da ke bangon faifansu na 1971, Roger Dean ne ya zana su, shi ne kuma ya zana bangon faifan Yes mai suna Fragile a wannan shekarar. Wannan dai tsaraba ce muka kawo, mu koma kan magana.

Ƙidaya kafin gudu

Idan saurayi ya ce yana neman waƙa mai wuya, yawanci gudun yatsu yake nufi. Mu kuwa muna ganin gudu shi ne mafi arha cikin wahalhalun wannan kiɗa, domin duk mai naci zai same shi. Abin da ke kayar da mutane shi ne ƙidaya. Waƙoƙin da muka saba da su a littafin waƙoƙi, bugu huɗu-huɗu ne, ko uku-uku, ko shida. Jiki ya saba, ƙafa tana takawa ba tare da an tambaye ta ba. A rok mai sarƙaƙiya kuwa sai a ba ka zagaye mai bugu 5, ko 7, ko 13, ƙafa ta nemi bugun da ta saba ta tarar babu, kamar mai sauka daga matakala cikin duhu ya ɗauka da saura ɗaya.

Wurin farawa shi ne Money ta Pink Floyd, daga faifan The Dark Side of the Moon na 1973. Bes ne ke buɗe ta bayan ƙarar kuɗi da na'urar ciniki, Roger Waters ne ya kaɗa, kuma zagayenta bugu 7 ne. Yatsu ba sa shan wahala ko kaɗan, yaron da ya yi shekara ɗaya da jita zai iya. Amfaninta shi ne koyon zama cikin bakwai har ya zama gida: huɗu da uku, huɗu da uku, ba tare da leɓe yana motsi ba. Tana da wani darasin kuma. Idan an zo wurin da jitar David Gilmour take nata kukan, waƙar tana komawa bugu 4, sa'an nan ta sake dawowa 7. Mashigar nan da mafitar su ne malami zai kasa kunne ya ji. Amma fa mu faɗi gaskiya, ba waƙar da za a ci babban maki da ita ba ce. Ta shimfiɗa ce.

Wadda ta fi ta daɗin buɗe taro a ganinmu ita ce Living in the Past ta Jethro Tull, ta 1969, wadda Glenn Cornick ya kaɗa wa bes. Bugu 5 ce, kuma idan ka raba kowane bugu biyu ka sami 10, sai ka ji an jera su uku, uku, biyu, biyu. Tsawonta bai wuce minti 3 da 'yan daƙiƙu ba, bes yana tafiya yana rausaya tun daga farko, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa jin rok ba za ta gyaɗa kai. Mai sarewa a ƙungiyarku zai sami abin yi, domin sarewar Ian Anderson ce ke ɗauke da karin.

A nan muna so mu tsaya kaɗan, gama akwai abin da matasanmu suke da shi ba su san darajarsa ba. Wani ɗan mishan Bature mai suna A. M. Jones, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ya wallafa littafi a kan kiɗan Afirka a 1959, bayan ya yi aiki da wani gwanin makaɗi na ƙabilar Ewe ta Gana. Cikin abin da ya bayyana akwai wani salon bugun ƙararrawa da ya bazu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Zagayensa ƙananan bugu 12 ne, an jera su biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Haɗa ukun farko, ka sami 5. Haɗa huɗun ƙarshe, ka sami 7. To, shahararren kiɗan bes da Justin Chancellor ya buɗe waƙar Schism da shi, ta ƙungiyar Tool a faifan Lateralus na 2001, zagaye ne mai 5 yana bin zagaye mai 7, wato 12 ke nan. Ba muna cewa daga Afirka suka ɗauko ba, kuma inda nauyin bugun yake faɗuwa ba ɗaya ba ne. Abin da muke cewa shi ne, kunnen da ya girma yana jin ganguna da ƙararrawa suna saɓa wa juna suna kuma haɗuwa, ba baƙo ba ne ga rabon da ba daidai ba. Ɗalibin Ingila yakan ƙirga da lissafi, kai kana iya ji a jikinka. Ita Schism ta ci kyautar Grammy a 2002, tana buƙatar a sassauta tsirkiya mafi kauri daga E zuwa D, kuma daga tsakiya ƙidayarta tana ta sauyawa. Mu ƙara da cewa ƙungiyar tana da wasu waƙoƙin da ba za mu so a ji su a harabar majami'a ba, don haka mai nema ya nemi wannan ɗaya ya tsaya nan.

Waɗanda suka isa a jingina da su

Kowane baje koli yana bukatar ginshiƙi, waƙar da za a tuna bayan an watse. Mu biyu muke sa wa gaba.

Ta farko Roundabout ce ta Yes, wadda ta buɗe faifan Fragile. Tsawonta minti 8 da rabi. Bayan gabatarwar jita mai taushi, bes ɗin Squire yana shigowa da wani gudu mai tsalle-tsalle wanda ba ya hutawa sai can tsakiya. Wuyarta kashi biyu ce. Akwai ƙananan bugu na ɓoye, waɗanda ake danne tsirkiya a buge ta ba tare da ta yi amo sosai ba; in ka bar su, duk sautukan za su zama daidai amma kiɗan ya mutu, kamar miya ba daddawa. Akwai kuma juriya. Squire da 'yar robar kaɗawa yake bugu, wadda makaɗa ke kira fik, yawancin masu bes na majami'unmu kuwa da yatsu biyu suka saba. Ana iya yinta da yatsu. Shaida ita ce, ranar da aka shigar da Yes zauren girmama mawaƙan rok a Amurka a 2017, shekara biyu bayan rasuwar Squire, Geddy Lee na Rush ne ya tsaya a gurbinsa ya kaɗa wannan waƙa, shi kuwa mai yatsu ne. Amma ka yanke shawara tun makon farko, fik ko yatsu, kada ka yi ta sauyawa. Idan lokacin da aka ba ka gajere ne, akwai taƙaitacciyarta da aka fitar domin gidajen rediyo, wadda ba ta kai minti 4 ba, sai dai ka tambayi malaminka ko ya yarda da yanke waƙa.

Ta biyu ita ce YYZ ta Rush, daga faifan Moving Pictures na 1981. In da za a ce mu zaɓi ɗaya tak, ita za mu ɗauka. Ba ta da kalmomi, ba ka bukatar mawaƙi, tsawonta kuma bai kai minti 4 da rabi ba. Sunan nata alamar filin jirgin saman Toronto ce, garinsu. Farkonta kuwa haruffan nan uku ne aka kaɗa da saƙon waya irin na da, na dogo da gajere, wanda ake kira Morse. Harafin Y shi ne dogo, gajere, dogo, dogo. Harafin Z kuma dogo, dogo, gajere, gajere. Ba wa dogo biyu, ka ba gajere ɗaya: Y ta zama 7, Y ta biyu 7, Z kuma 6, jimla 20, wato manyan bugu 5 masu ƙanana huɗu-huɗu. Wanda ya gane wannan lissafi ba zai ƙara ɓata a gabatarwar ba. Sautuka biyu ne kawai ake kai da komowa a tsakaninsu, masu tazarar da ke tsakanin do da fe, tazarar nan mai ɗaci wadda 'yan kwaya ke gudu.

Bayan gabatarwar sai waƙar ta koma bugu 4, bes da jita su ruga tare cikin dogayen jimloli. Sa'an nan a zo wurin da ya sa ta dace da baje koli: kowa ya yi shiru, bes ya yi gajeriyar magana shi kaɗai, a dawo, ganguna su yi tasu, a dawo, haka bi da bi. A waɗannan 'yan daƙiƙu babu inda za ka ɓuya. In ka yi da kyau kowa ya ji, in ka yi tuntuɓe kowa ya ji. Shawararmu ita ce a koyi waɗannan gajerun maganganu tun farko, kafin sauran waƙar, domin su ne suke cin lokaci.

Mai neman abin da ya fi wannan zurfi, kuma yana da lokaci, sai ya dubi Heart of the Sunrise, ita ma daga Fragile, wadda ta haura minti 10. Tana farawa da guguwa, bes da jita suna gudu tare, sai kwatsam komai ya lafa, a bar bes da gangunan Bill Bruford suna tafiya a hankali suna ƙaruwa. Mutum yana nuna gudu da natsuwa a waƙa ɗaya. Akwai kuma Starless ta King Crimson, daga faifan Red na 1974, mai minti 12. A tsakiyarta John Wetton yana maimaita jimla ɗaya mai bugu 13 na tsawon mintoci, jita tana nanata sauti ɗaya tana hawa kaɗan-kaɗan, har abin ya fashe. Ba gudu a wurin, amma riƙe 13 ba kuskure, kana ƙara ƙarfi sannu-sannu ba ka yi gaggawa ba, jarrabawa ce ta manya. Malamin da ya san aikinsa zai girmama ta. Jama'ar da suka zo kallo kuwa, watakila su fara duba agogo.

Yanzu ga ramukan. Wata takan yi suna a wurin masu bes amma ba ta baje koli ba ce. The Fish ta Squire, wadda take ɗauke da laƙabinsa, an gina ta ne da bes a kan bes a kan bes a ɗakin ɗaukar sauti. Hannu biyu ba za su fitar da ita ba sai da na'urar maimaita sauti. Elephant Talk ta King Crimson, ta 1981, Tony Levin bai kaɗa ta da bes irin naka ba, da wani kayan kiɗa ne mai suna Chapman Stick, mai tsirkiya 10 ko 12, wanda ake dannawa da hannu biyu. Supper's Ready ta Genesis, ta 1972, za ta ja hankalin mai karatun Littafi, gama ƙarshenta cike yake da hotuna daga Ru'ya ta Yohanna, har akwai sashe mai bugu 9 da aka sa wa sunan ƙarshen duniya. Amma minti 23 ce, kuma Mike Rutherford ya yi yawancinta ne riƙe da jita, yana taka sautin bes da ƙafa. Mai bes zai yi ta tsayuwa kamar ɗan rakiya. La Villa Strangiato ta Rush, ta 1978, mai minti 9 da rabi, su masu ita da bakinsu sun faɗa cewa sun yi ta ƙoƙarin ɗaukarta a tashi ɗaya suka kasa, sai kashi-kashi suka yi.

Sai kuma The Dance of Eternity ta Dream Theater, ta 1999, wadda samari suka fi kawo mana da zumuɗi. Cikin minti 6 ƙidayarta tana sauyawa fiye da sau 100, John Myung kuma mai bes ne mai tsirkiya 6, wanda ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston, inda aka kafa ƙungiyar a 1985. Ba mu ce ba mai iyawa ba. Amma wanda zai kashe wata huɗu a kanta ya fito da ita da ɗingishi, da ya kashe su a kan YYZ da ya fito da ita tsaf. Masu ba da maki ba sunan waƙa suke saurare ba, tsabtar sauti suke ji, da daidaiton lokaci, da yadda ka kashe tsirkiyoyin da ba ka bugawa don kada su yi gunaguni.

Maganar kalmomi ma tana nan, musamman in a zauren ikkilisiya za a yi taron. Freewill ta Rush, ta 1980, tana da wani sashe na tsakiya da masu bes ke sha'awa ƙwarai, amma kalmominta, waɗanda mai gangunansu Neil Peart ya rubuta, suna nuna dogara ga ikon sama a matsayin abin da mai hankali zai ajiye. A ɗakin jarrabawa, ba mawaƙi, wannan tsakaninka da lamirinka ne. A gaban dattawan ikkilisiya da mawaƙi yana rerawa, ba mu ba da shawara ba. Ka karanta kalmomin kowace waƙa tun kafin ka fara koyonta, ka kuma nuna wa fasto ko mai kula da matasa. Wanda yake so kalmomin su tafi tare da bangaskiyarsa yana da inda zai nufa. Neal Morse ya bar ƙungiyarsa Spock's Beard a 2002 bayan ya ba da gaskiya, faifansa One na 2004 kuma labarin rabuwar mutum da Allah ne da komowarsa, Randy George ne mai bes. Sai dai waƙoƙin dogaye ne, sai an zaɓi sashe. Dave Hope, wanda ya kaɗa bes a Carry On Wayward Son ta Kansas a 1976, daga baya ya zama limamin Angilikan a jihar Florida.

Wa zai raka ka?

Wannan ita ce tambayar da ake mantawa har sai saura mako biyu. Waɗannan waƙoƙi ba na mutum ɗaya ba ne. YYZ ba ta tashi sai da mai ganguna da ya iya ƙirga biyar, da mai jita mai saurin hannu. Idan mai gangunanku gwani ne a waƙoƙin yabo amma bai taɓa fita daga huɗu ba, to ko dai ku fara atisaye tare tun yau, ko ka nemi kiɗan rakiya da aka cire wa bes. Akwai manhajojin waya da suke raba sautin faifai su fitar da bes, akwai kuma irin waɗannan da aka riga aka ɗora a YouTube. Ka sauke shi a waya tun da wuri, kada ka dogara ga intanet a ranar. Ka haɗa wayar da lasifika ta igiya, domin haɗin iska yakan kawo ɗan jinkiri ko ya yanke. Ka tabbata kuma kai kanka kana jin kiɗan fiye da yadda jama'a ke ji, gama na'ura ba ta jira, in ka rasa bugu ɗaya ta wuce ta bar ka. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a tada janareta ka soma waƙar daga farko, ba abin kunya ba ne. Rubutattun lambobin yatsu da ake samu a intanet kuma, da yawansu masu koyo ne irinka suka rubuta. Ka gwada kowane layi da kunnenka a kan faifan asali.

Game da amo, Squire da Lee duka an san su da jitar Rickenbacker mai ƙara kamar ƙarfe, Lee kuma daga baya ya koma Fender Jazz. Squire har raba sautinsa yake yi, kaurin ya tafi amfilifayar bes, kaifin ya tafi ta jita. Ba sai ka mallaki waɗannan ba. Abin da ya fi kawo wannan amo shi ne sababbin tsirkiyoyi, da bugu kusa da gadar jita, da ƙara kaifi a amfilifaya maimakon kaurin da muka saba murɗawa ran Lahadi. Ka sa sababbin kamar kwana 10 kafin ranar domin su zauna. In kuɗi bai kai ba, tsofaffin makaɗa sukan tafasa tsirkiyoyin a ruwa su shanya su sarai, amon ya dawo na ɗan lokaci. In kuma taron ya faɗo cikin hunturu, ka sani busasshiyar iska tana motsa itacen wuyan jita, tsirkiyoyi su fara karo da ƙarafuna. A kai wa mai gyara tun da saura mako guda.

Atisaye kuwa da na'urar ƙidayar bugu ake yi, akwai ta kyauta a kowace waya. Fara da rabin gudun waƙar. Sai ka kaɗa sashe sau uku a jere ba kuskure kafin ka ƙara gudu, ƙarin ma kaɗan. Minti 40 sau biyu a rana ya fi sa'a 4 a tashi ɗaya ran Asabar. Idan wuyan hannu ya fara zafi ko yatsu suka fara mutuwa, ka ajiye jitar. Jijiyar da ta kumbura tana iya hana ka kiɗa na makonni, kuma Roundabout ta shahara wajen gajiyar da hannun dama. Ka ɗaga maɗaurin jitar sama kaɗan don kada wuyan hannun hagu ya lanƙwashe. Saura wata ɗaya, ka riƙa kaɗa dukan shirin a tsaye, daga farko har ƙarshe, a gaban mutum biyu ko uku, ba tsayawa ko an yi kuskure.

Ga wanda aka ba minti 20, ga yadda mu za mu jera. A buɗe da Living in the Past, hannu ya yi ɗumi, gaba ta daina faɗuwa. A bi da Roundabout tun da sauran ƙarfi. A rufe da YYZ. Jimlarsu minti 16 da 'yan kai, ragowar ya isa gyaran tsirkiya da gajeren bayani. Wanda bai kai nan ba tukuna, ya sa Money a gurbin Roundabout, ba wanda zai raina shi.

Abu na ƙarshe ya shafi jama'armu. Mu mutane ne masu tafi, da kiɗa ya yi daɗi hannu ya tashi, kuma huɗu-huɗu muke tafawa. Zaure guda yana tafa huɗu a kan waƙa mai bugu 5 ko 7 zai iya kayar da ko gwani. Saboda haka ka roƙi mai gabatarwa ya sanar tun farko cewa a riƙe tafi sai waƙa ta ƙare. Ko kuwa, in kana da ƙarfin hali, ka ɗauki minti ɗaya ka koya musu da kanka: uku, uku, biyu, biyu, a hankali, sau huɗu ko biyar, 'yan Zumuntar Mata su ja gaba, sa'an nan ka ba mai ganguna alama ku shiga.